Idan Injin Lantarki Ya Sake Murya

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani abu da yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin kome ba, watau ƙara da jijjigar injin lantarki, wanda masu gyara ke kira moto. Shi ne ke juya injin niƙa, da injin casar shinkafa, da famfon ban ruwa mai aiki da sola. Mun zaga ƙungiyoyi a Giyawa da kewayen Goronyo, da Wurno, da Rabah, kusan ko'ina kuwa amsa ɗaya muke samu idan muka ce injin nan ya cika ƙara: "Ai haka inji yake." To, ba haka yake ba. Moto mai lafiya, wanda aka zaunar da kyau, ɗan ƙugi yake yi a hankali, murya ɗaya tun safe har yamma. Ran da ya sake murya, akwai abin da ke damunsa, gama ruwa ba ya tsami banza.

Iyayenmu da jigo suka yi ban ruwa a fadamar Rima. A shekarun 1980 ƙananan injuna masu shan fetur suka fara shigowa, aka kuma gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Shirin Fadama na shekarun 1990 ya yaɗa injunan nan tare da rijiyoyin bututu har kowa ya saba da su. Injin fetur kuwa mai yawan ihu ne tun ranar da aka sayo shi, shi ya sa kunnenmu ya saba da ihu. Amma tun daga ran 29 ga Mayu 2023, da gwamnati ta janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da naira 500, a 2024 kuma ta haura naira 1,000. Sai ƙungiyoyi da yawa suka haɗa kuɗi, waɗansu har da rance, suka koma ga sola da moto. Muka ɗauki kunnen da ya saba da injin fetur muka kawo wa moto. Nan matsalar take. Ƙarar da ba kome ba ce a injin fetur, a moto kukan neman taimako ne.

Sai mu tuna lokacin da moto ya fi mutuwa. Ba cikin sanyin Janairu ba ne. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ne, sa'ad da alkama ke cika ido, albasa da tafarnuwa suna ƙunsa, zafi ya haura digiri 40, ruwan rijiya kuma ya yi ƙasa. Idan moto ya ƙone a wannan lokaci, kafin a kai shi Sakkwato, a naɗa masa sabuwar waya, a dawo da shi, mako guda ya wuce. Fangalin albasa ba zai jira mako guda cikin zafin Maris ba. Saboda haka ba maganar jin daɗin kunne muke yi ba. Maganar abincin gidaje goma ko ashirin ce, da bashin da ƙungiya ta ɗauko da sunan kowa.

Me ke faruwa a cikinsa

Moto ba shi da fistin, ba shi da filogi. Abu ɗaya kaɗai ke motsi a cikinsa, wani dunƙulen ƙarfe ne a kan sanda, wadda ke zaune a kan boris biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Wayar tagulla da aka naɗa kewaye da shi ita ke zama maganaɗisu idan wuta ta shiga, ta ja dunƙulen nan ya yi ta juyawa. Irin wanda muka fi amfani da shi, wani mutum mai suna Nikola Tesla ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka tun 1888, har yau kuwa bai sake sosai ba. Wutar ƙasarmu tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka gudun moto iri biyu muka fi gani. Ku duba ɗan allon ƙarfe da ke manne a jikinsa, za ku ga an rubuta wajen 1,440, ko kuwa wajen 2,900. Yawan juyinsa ke nan cikin minti ɗaya.

Ku lura da lissafin nan, domin shi ne tushen maganar duka. Moto mai juyi 2,900 yana zagayawa kusan sau 48 a kowace daƙiƙa. A ce laka ta bushe a gefe ɗaya na fankarsa, nauyinta giram 10 kacal, nisanta daga tsakiya santimita 10. Giram 10 bai kai nauyin goro guda mai girma ba. Amma da wannan gudu, lakar nan tana fizgar sanda da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 9, tana fizga sama, ƙasa, hagu, dama, sau 48 a daƙiƙa. Kamar majajjawa ce a hannun yaro mai tsaron gero: dutsen ƙarami ne, gudu ne ke ba shi ƙarfi. Idan aka rage gudun da rabi, fizgar ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu take komawa. Shi ya sa idan ƙungiya za ta sayi moto domin injin niƙa, mukan ba da shawara a ɗauki mai 1,440 ko da ya ɗan fi tsada da nauyi. Ya fi haƙuri da kurakuranmu.

Gwaji biyu da ba su cin kwabo

Kafin a kira bakanike, kafin a kwance noti ko ɗaya, akwai gwaji biyu. Na fari, mutum ɗaya ya tsaya wurin makunni, sauran su kasa kunne. A kashe wuta farat ɗaya. Idan baƙuwar ƙarar ta ɗauke nan take, alhali moto yana kan juyawa da sauran gudunsa, to laifin na wuta ne. Idan kuwa ƙarar ta yi ta raguwa a hankali tare da gudun, laifin na ƙarfe ne: boris, ko bel, ko mazauni, ko rashin daidaiton nauyi. Wannan ɗan gwaji ya raba matsalar gida biyu, ya kuma gaya muku wanda za ku kira, mai gyaran wuta ko bakanike.

Na biyu, a kashe wuta, a cire bel, a kunna moto shi kaɗai. Idan ya yi shiru, moton ba shi da laifi, sai a duba injin da yake ja. Mun sha ganin an ɗauki moto lafiyayye an kai birni, an biya kuɗin mota da na gyara, an dawo ƙara tana nan, domin tun farko a cikin injin niƙa take.

Akwai kuma dabarar sukurdireba. A samu doguwa mai kan katako ko roba, a ɗora bakinta a jikin moto daidai inda boris yake, a sa kan a bayan kunne. Boris mai lafiya shuu yake yi kamar ana zuba gero a buhu. Wanda yashi ya shiga yana ƙaras-ƙaras. Wanda ya fashe yana ƙwanƙwasa daki-daki. Wanda ya bushe yana tsuwa. Amma mai wannan gwaji kada ya matso da babbar riga ko rawani mai jela, ya kuma tsaya nesa da gefen bel. Bel ba ya tambayar sunan mutum. Yara kuma a kore su waje tukuna.

Mazauni

A ganinmu, fiye da rabin jijjigar da muke tararwa a rumfunan ƙungiyoyi daga mazauni take. An ɗora moto a kan katako biyu, an danne da duwatsu, ko an kafa shi a daɓen ƙasa. Ƙasar fadama kuwa kun san halinta: da damina ta kumbura, da rani ta tsage. Abin da ya zauna daidai a Nuwamba ya karkace a Maris.

Inji mai zama wuri ɗaya yana bukatar dakalin kankare. Abin da masu kafa injuna suka saba bi shi ne nauyin dakalin ya kai aƙalla ninki uku na nauyin moto da injin a haɗe. A haƙa rami har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, a dasa kusoshin ɗauri tun kankare yana ɗanye, a yi ta yayyafa masa ruwa aƙalla kwana 7 kafin a ɗora kome. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, saboda haka wannan aiki ne na bayan girbi, ba na ranar da buhunan shinkafa ke jibge a ƙofa ba. Kada dakalin ya haɗu da bangon rumfa. A bar tazarar yatsu biyu ko uku a cika da yashi, in ba haka ba jijjiga za ta bi bango, ginin ƙasa ya fara tsagewa, kwanon rufi kuma ya zama ganga.

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne gurguwar ƙafa. Moto yana da ƙafa huɗu, amma sau da yawa uku ne kaɗai ke taka ƙarfen da ke ƙarƙashi, kamar kujera mai ɗingishi. Idan aka ɗaure ta huɗun da ƙarfin sifana, jikin moton ya murɗe, boris biyu suka daina kallon juna, dunƙulen ciki kuma ya matsa gefe ɗaya. Ga yadda za a gane: a kashe wuta, a ɗaure notuna huɗu, sa'an nan a sassauta ɗaya-ɗaya ana mayarwa. Ƙafar da ta ɗaga da aka sassauta ta, har reza ko takarda mai kauri ta shige ƙarƙashinta, ita ce gurguwar. Sai a yanko gwangwani mai faɗin ƙafar a cusa har ramin ya cika. Kada a sa kwali ko itace, za su lotse cikin mako guda.

Game da roba kuwa, sai mu yi hankali. Mutane sun ji cewa tsohuwar taya tana shanye jijjiga, gaskiya ne kuwa. Amma ina ake sa ta? Idan aka sa roba ƙarƙashin moto shi kaɗai, injin niƙa yana kafe a kankare, to moto zai riƙa lilo, bel ya ja ya saki, ya ja ya saki, abin ya fi na da muni. Daidai shi ne a yi wa moto da injin firam ɗaya na ƙarfe mai kauri, a walda shi da kyau, a ɗaure su biyun a kai kam-kam, sa'an nan a sa robar tsakanin firam da dakali. Roba kuma ba magani ba ce. Tana hana jijjiga shiga ƙasa da bango, amma boris yana nan yana shan wuyarsa. A fara neman dalili tukuna.

Bel da fuli

Fuli biyu dole su kalli juna sak. Zare ya isa gwada wannan: a miƙa shi a gefen fuskar fuli babba har zuwa ƙarami, ya taɓa wuri huɗu, biyu a kowane fuli. Idan wuri ɗaya ya bar rata, sai a gyara zaman moto. Baƙar ƙurar roba a ƙasa ƙarƙashin bel alama ce cewa yana cin gefensa.

Ɗaurin bel shi ne inda ƙarfin samari ke yi mana ɓarna. Bel ya yi tsuwa, sai yaro ya sa ƙarfe ya banƙare moto baya har bel ya zama kamar tsirkiyar baka. Tsuwa ta daina, kowa ya ji daɗi, bayan wata biyu boris na gaba ya mutu. Ma'auni shi ne, idan aka danna tsakiyar bel da babban yatsa, ya lotsa kamar milimita 16 a kowace mita ɗaya ta tazarar fuli biyu. Ga yawancin injunanmu wannan bai wuce kaurin yatsa ba. Inda bel biyu ko uku ke aiki tare, a sake su gaba ɗaya. Sabo da tsoho ba su yin tsawo ɗaya, sabon zai ɗauki kaya shi kaɗai, tsohon yana ta kaɗawa.

Injin niƙa mai guduma kuma, idan guduma ɗaya ta cinye ko ta karye, kada a sake ita kaɗai. A sake ta tare da abokiyarta da ke fuskantarta, a auna su a sikeli su zo daidai. Ku tuna da lissafin giram 10.

Boris

Abokin gaban boris a ƙasarmu ƙura ce, ta hunturu da ta dusa. Ƙura ta gauraya da giris ta zama kamar tokar wanke tukunya. Na biyu kuwa, abin mamaki, yawan giris ne. Mutum mai son injinsa yakan cika gidan boris maƙil, ƙwallayen su rasa wurin juyawa, su yi ta kirɓa giris har ya yi zafi ya narke, ya zubo cikin waya. Kashi ɗaya cikin uku na gidan, ko rabi in ya yi yawa, ya isa. Kada kuma a gauraya giris iri biyu.

Idan za a sayo sabo, a karanta lambar da ke gefen tsohon. Lambobi irin su 6204 da 6205 da 6206 su muka fi gani. Daga 04 zuwa sama, a ninka lambobi biyu na ƙarshe da 5, shi ne faɗin ramin da milimita: 6204 na sanda mai milimita 20 ne, 6205 na mai 25. Idan an ga 2RS bayan lambar, boris ne mai murfin roba gefe biyu, da girisinsa a ciki, ba a ƙara masa. Shi ya fi dacewa da rumfar niƙa. Kasuwa cike take da jabu masu kwali mai kyau, araha kuwa ba ta ado. A aiki wanda ya san ƙarfe, ya je shagon da za a iya komawa a yi magana.

Wurin sawa ake kashe boris da yawa tun bai fara aiki ba. Idan aka buga zoben waje da guduma domin a tura na ciki kan sanda, ƙwallayen za su yi wa hanyarsu tabo, sabon boris ya fara ƙara tun ranar farko. A samu guntun bututu da ya yi daidai da zoben ciki kaɗai, a buga a hankali. Kada a gasa boris da harshen wuta.

Mu ƙara da wani ɗan abu. Moton da aka ajiye duk damina, kafin a kunna shi a cire murfin fanka a leƙa. Zanzaro yana son wurin nan ƙwarai, yakan gina ɗakinsa na laka a kan fiffiken fanka. Ɓera ma yakan tara tsumma. Moton da ruwa ya taɓa kuma, kamar yadda ambaliyar Satumba 2010 ta yi wa kayan mutane da yawa a ƙasar Goronyo da Wurno, ba a kunna shi sai an buɗe, an busar da wayar sarai, an sake boris, mai gyaran wuta ya auna ya tabbatar.

Idan laifin na wuta ne

Ƙugi mai kauri wanda ke ɗaukewa da zarar an kashe makunni, yawanci ƙarancin wuta ne. Ko wutar layi ta zo da rauni, ko janareta ya yi ƙanƙanta, ko kuwa an ja siririyar waya mai nisa. Moto wurin tashi yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci idan ya kama gudu, saboda haka janaretan da ƙarfinsa ya yi daidai da na moto cif-cif ba zai tashe shi da kyau ba. Moto mai ƙarancin wuta yana ƙugi, yana zafi. Zafi kuwa shi ke cin rigar wayar: masana sun ƙiyasta cewa kowane ƙarin digiri 10 yana rage kwanan rigar nan da rabi. An ƙera yawancin motoci domin iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, mu kuwa a Afrilu muna wuce haka a inuwa. Don haka rumfa mai iska, da goge ƙura daga haƙarƙarin moto, ba ado ba ne.

Moto mai layi uku, idan layi ɗaya ya ɗauke yana cikin aiki, ba ya tsayawa. Sai ya ci gaba da gurnani da rawar jiki, cikin ɗan lokaci ya ƙone. Duk wanda ya ji wannan ya ruga ya kashe, kada ya tsaya neman shugaba. Akwatin makunni mai kashe kansa idan kaya ya yi yawa ko layi ya ɗauke bai kai kuɗin naɗin waya sau ɗaya ba. Moto mai layi ɗaya kuma da ke ƙugi ya ƙi tashi sai an tura fuli da hannu, sau da yawa kafasito ne ya mutu, ɗan gwangwanin nan da ke manne a bayansa. A daina turawa da hannu, mun san yatsun da suka tafi ta wannan hanya. A sayo mai lamba iri ɗaya, mai gyara ya sa, gama kafasito yakan riƙe wuta ko bayan an kashe.

Idan an kai moto naɗi, a roƙi mai naɗin ya ƙirga zagayen tsohuwar wayar, ya kuma sa mai kauri ɗaya da ita. Wanda ya rage tagulla domin riba zai dawo muku da moto mai ƙugi da zafi har ƙarshen kwanansa.

Famfo mai tauna tsakuwa

Masu ban ruwa, wannan naku ne. Wani lokaci famfo yakan yi ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, yana rawa, ruwa yana fita da kyar. A buɗe, ba tsakuwa ko ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne famfon yana wahalar tsotso. Famfon da ke zaune a bisa ƙasa ba ya iya jawo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko kusa da haka, kome ƙarfin motonsa, domin nauyin iskar sama ne ke turo ruwan cikin tiyo, nauyin nan kuwa yana da iyaka. Idan aka matso iyakar, ruwa yakan yi ƙananan kumfa a bakin farfela, su fashe da ƙarfi a jikin ƙarfe, a hankali su rarake farfela kamar gara ta ci itace.

Cikin bazara aka fi jin wannan, sa'ad da ruwan ƙasa ya ja baya. Waɗanda suka yi noman rani a 2018, shekarar da ruwan madatsar Goronyo ya ragu har zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma, ba su bukatar a ba su labari. Magani shi ne abin da tsofaffin manoma ke yi tun zamanin injin fetur: a haƙa rami a sauko da famfo kusa da ruwa. A gajarta tiyon tsotso, kada ya fi bakin famfo ƙanƙanta, kada ya lanƙwashe, a wanke rariyar da ke bakinsa, a ɗaure mahaɗai kada iska ta shiga. Nauyin bututu kuma kada ya rataya a wuyan famfo, a tokare shi.

Famfon sola da ake zurawa cikin rijiya ba a jin muryarsa sosai, amma a dafa bututun da ke fitowa, hannu zai ji. Idan yana fizga, ruwa yana zuwa da tari da yashi, ko rijiya ta kusa ƙafewa ko famfon ya sauka har ya taɓa laka. Ruwa ne ke sanyaya irin wannan moto, gudu babu ruwa yakan kashe shi da sauri. Kada a cire 'yar wayar da ke kashe shi idan ruwa ya ƙare don wai tana katse aiki. Siririyar tsuwa kuwa da ke zuwa tare da akwatin sola, ita ba ciwo ba ce, haka aikinsa yake.

Kunnuwanmu da maƙwabtanmu

Ko an gyara kome, injin niƙa ba zai zama shiru ba. Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a 85 ga mai aikin awa 8, kowane ƙarin 3 kuma yana rage lokacin da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2. Ba mu da na'urar awo, amma ga gwaji: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan hannu ɗaya ya ji ka, ƙarar ta kai mai cutarwa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, ba allura, ba ƙwaya. Yawanci kuwa samarinmu muke sawa a rumfa tun safe har dare. Idan yaro ya tashi aiki kunnensa yana ta kuka, ko a sujada ya fara cewa mai wa'azi ba ya ɗaga murya, an riga an fara ɓarna. A saya musu abin toshe kunne na roba, auduga ba ta tare abin kirki. A riƙa yin canji, kada mutum ɗaya ya wuni. Mata masu kawo niƙa da goyo a yi musu benci a waje cikin inuwa.

Mu kuma tuna inda muke zaune. A garuruwan nan mu kaɗan ne, maƙwabtanmu Musulmi su ne yawancin masu kawo mana niƙa. Rumfar da ke girgiza bangon maƙwabci, ko ke ruri sa'ad da ake salla a masallacin unguwa, tana yin wani wa'azi da ba mu aike ta ba. A juya ƙofar rumfa ta kalli fili, a yi bangon tubali maimakon kwano, a bar tagogin iska a sama, a kuma kashe inji lokutan salla kamar yadda muke kashe shi ran Lahadi. Moton ma zai sami hutun shan iska.

Wa zai saurara?

Kayan taro yakan rasa mai shi, kowa yana tsammani wani ya duba. Saboda haka a taronku na gaba ku zaɓi mutum ɗaya, namiji ko mace, wanda aikinsa ke nan. Kowace Litinin kafin a fara aiki ya goge ƙura, ya bi notuna da sifana, ya danna bel, sa'an nan a kunna ya saurara da sukurdireba. Bayan awa ɗaya ya dafa jikin moto da bayan hannu, ya ji ko zafin ya fi na makon jiya. Ya ɗora kofin ruwa a kan firam ya ga yadda fuskar ruwan ke rawa. Ya rubuta abin da ya gani a littafi, da kwanan wata, da ranar da aka sa giris ko aka sake bel. Kunne yana mantuwa, ƙarar da ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba a lura da ita, amma littafi zai nuna.

Ƙungiya kuma ta ba shi iko a rubuce ya tsai da inji ko da layin masu niƙa ya kai bakin hanya, kada shugaba ko ma'aji ya ce a lallaɓa a gama na yau. Daga kuɗin kowane kwanon niƙa da kowace awa ta ban ruwa a ware wani abu cikin asusun gyara dabam. Da kuɗin farko da ya taru a sayo boris biyu masu lambar motonku, da bel, da kafasito idan mai layi ɗaya ne, a ajiye su a akwatin ma'aji cikin ledarsu, kada a buɗe sai ranar sawa. Ƙungiyar da ke so mu zo mu duba mazaunin injinta tare, ta aiko ta hannun mai bishara ko sakataren ƙungiya kafin watan Fabrairu, ta kuma kwafo mana duk abin da ke rubuce a allon jikin moton.